Yadda malami zai gwada ko darasin WhatsApp yana ƙara wa ɗalibansa fahimta

Tun da aka rufe makarantu a watan Maris na 2020 saboda annobar korona, da yawa daga cikinmu malamai muka koma tura darasi ta waya. An dawo aji, amma al'adar ta zauna. Yau da wuya ka samu ajin babbar sakandare a cikin gari da ba shi da zauren WhatsApp. Sai dai in ka tambayi malami ko abin yana ƙara wa yaran fahimta, amsar da za ka ji ita ce, "Ai suna jin daɗinsa." Jin daɗi daban, ganewa daban.

Akwai dalilin da ya sa nake nacewa a gwada. A ƙasar Peru gwamnati ta raba wa yaran firamare na karkara ƙananan kwamfutoci masu ɗimbin yawa a ƙarƙashin shirin One Laptop per Child. Da masu bincike suka auna, suka fitar da sakamako a 2012, sun tarar yaran sun iya sarrafa kwamfuta, amma makinsu na lissafi da na karatu bai motsa ba. In kuɗi mai yawa haka zai iya tafiya ba tare da ƙaruwa ba, to datar da iyayen ɗalibanka ke saya da guminsu ta cancanci a san ko tana haifar da ɗa mai ido.

Ni malamin lissafi ne, kuma na maimaita wannan gwajin zango bayan zango a ajin SS2. Ba ya buƙatar babban digiri ko kuɗin tallafi. Mako 7 yake ci, yana shiga cikin zango ɗaya lafiya lau. Ina cewa "kai" don sauƙin magana, amma malama ma da ke nake.

Kayan aiki

- Babbar waya mai WhatsApp, wadda makirfonta ke ɗaukar murya da kyau
- Littafin rubutu mai kauri guda ɗaya, wanda ba za ka yi wani aiki da shi ba sai wannan
- Rajistar aji
- Farar takarda da alƙalami mai kauri, baƙi ko shuɗi
- Kuɗin buga takardun jarrabawa sau huɗu. In babu, allo ya isa
- Ƙananan takardu da hula ko kwano, don ƙuri'a
- Abokin aiki ɗaya da zai taya ka duba jarrabawa, da malama ɗaya da za ta zauna a zauren in akwai 'yan mata a ajin

Mataki na 1: Tsayar da tambaya ɗaya tak

Rubuta ta a shafin farko na littafinka. Kada ta zama "Shin fasahar zamani tana inganta ilimi?" Wannan ba tambayar da aji ɗaya zai amsa ba ce. Ga irin wadda ke aiki: "Idan na tura saƙon murya na minti 3 da tambayoyi 3, sau uku a mako, har mako 3, shin makin ɗalibai a logaridim zai fi na waɗanda ba su samu ba?"

Zaɓi maudu'i biyu da ke cikin manhajar zangon, masu kusan wahala ɗaya, kowanne na mako 3. Kuma abu ɗaya za ka gwada. In ka haɗa saƙon murya da bidiyo da ƙarin darasin Asabar, ko maki ya tashi ba za ka san wanne ya ɗaga shi ba.

Mataki na 2: Nemi izini

Fara da shugaban makaranta, a rubuce, ko da layi biyar ne. Sannan iyaye. Mafi yawan ɗalibai wayar baba ko ta mama ko ta yaya za su ara, don haka mai wayar ne abokin hulɗarka. Aika gajeriyar takarda da Hausa: me za a riƙa turowa, wace rana, wane lokaci, har zuwa yaushe. Ka bayyana cewa makin wannan gwaji ba ya shiga sakamakon zango.

Batun 'yan mata kada ka yi wasa da shi. Lambar iyaye za ka karɓa, ba ta yarinya ba. Sa malama ta zama mai kula da zauren tare da kai, kuma kada ka buɗe hirar sirri da kowace ɗaliba, ko da tambayar darasi ce. Ta kawo ta aji. Wannan kariya ce gare su, kariya ce gare ka. In iyaye ba sa son a ga lambarsu a zaure, WhatsApp yana da hanyar aika saƙo ɗaya ga mutane da yawa kowa ya samu shi kaɗai, har mutum 256, amma ba ya isa sai ga wanda ya ajiye lambarka a wayarsa. Sai ka tabbatar sun ajiye.

Mataki na 3: Ƙidaya wayoyi, amma ba da ɗaga hannu ba

In ka ce "mai waya a gida ya ɗaga hannu", kunya za ta sa wanda ba shi da ita ya ɗaga. Ba kowa 'yar takarda ya rubuta sunansa, ya amsa abu uku: akwai babbar waya a gidanku? Ta wa ce? Wane lokaci take dawowa gida? Tambaya ta uku ita ce ke gaya maka lokacin turawa. A ajina amsar kan faɗa tsakanin magariba da bayan isha'i, lokacin da maigida ya dawo daga kasuwa ko wajen aiki.

Waɗanda ba su da waya ba za su shiga kwatancin ba, amma ba a bar su a baya ba. Na yi bayaninsu a ƙasa.

Mataki na 4: Rubuta jarrabawar farko da ta ƙarshe rana ɗaya

Ga kowane maudu'i, rubuta tambayoyi 20 sau biyu: iri ɗaya, wahala ɗaya, lambobi kawai suka bambanta. Guda za a yi kafin a fara koyarwa, guda bayan an gama. Rubuta dukansu yanzu, ka rufe ta ƙarshen a ambulan. Dalili kuwa, in ka bari sai bayan ka yi mako 3 kana naɗar murya, hannunka zai karkata ga misalan da ka faɗa a cikin saƙonnin ba tare da ka lura ba, ka ba rukuni ɗaya fifiko.

Ba kowane ɗalibi lamba, ita zai rubuta a kan takarda maimakon suna. A makon farko duk ajin su zauna jarrabawar farko ta maudu'i na ɗaya. Ka gaya musu ba a koyar da shi ba tukuna, don kada ƙaramin maki ya karya musu gwiwa.

Mataki na 5: Raba rukuni da ƙuri'a

Nan ne gwajin ke tsayawa ko ya rushe, kuma nan ne na yi kuskurena na farko. A karon farko na ce mai so ya shiga. Waɗanda suka shiga su ne masu zama a layin gaba, masu yin aikin gida tun da can. A ƙarshe suka fi sauran da maki mai yawa, na yi ta murna, sai da wani abokin aikina ya tambaye ni ko ba su ne suka fi su a zangon da ya wuce ba ma. Su ne. Mako 6 na yi ban gano komai ba.

Haka kuma kada ka kwatanta masu waya da marasa waya. Gidan da ke da babbar waya da kuɗin data sau da yawa yana da wuta ko fitilar karatu, da wani yaya da ya yi makaranta. In yaron gidan ya ci, ba ka san ko saƙonka ne ko yayansa ba. Kwatanta SS2A da SS2B ma yana da tarko, domin a makarantu da yawa ajin A an tace shi ne tun farko.

Abin yi shi ne: ɗauki masu waya kaɗai, a ce su 40 ne. Jera su bisa makin jarrabawar farko, daga na sama zuwa na ƙasa. Ɗauki biyun farko, rubuta lambobinsu, jefa a hula, wani ɗalibi ya zaro ɗaya. Wanda ya fito rukuni na ɗaya, ɗayan rukuni na biyu. Haka za ka bi su bibbiyu har ƙasa. Za ka ƙare da rukuni biyu na mutum 20, kowanne da nasa gwanaye da nasa masu rauni. In yawan mata da maza ya bambanta sosai, yi wa mata tasu ƙuri'ar daban, maza daban.

Yi ƙuri'ar a gaban aji. Kuma ka faɗa musu tun a lokacin cewa rukuni na ɗaya zai samu saƙonni a maudu'i na farko, rukuni na biyu a maudu'i na biyu. Kowa zai samu rabonsa, lokaci ne kawai ya bambanta. Da zarar an zaro, an zaro. Za a zo ana roƙonka a mayar da wane wajen abokinsa; kada ka yarda ko sau ɗaya.

Mataki na 6: Shirya saƙonnin

Darasin aji yana nan yadda yake ga kowa. Saƙon ƙari ne a kansa, yana bitar abin da aka yi a ranar ko jiya.

Kowane saƙo abu uku ne. Na farko hoton misali ɗaya da ka warware da hannunka a farar takarda, layi-layi, kowane layi da lambarsa. Rubuta da manyan baƙaƙe, ɗauki hoton da rana kusa da taga, sannan ka duba shi a ƙaramin allon waya kafin ka tura. Abin da kake gani sarai a takarda yakan zama tururuwa a waya. Na biyu saƙon murya da ke bin layukan: "Ku dubi layi na 2, me ya sa muka mayar da wannan ɗaya gefen?" Na uku tambayoyi 3, biyu irin misalin, ɗaya daga darasin makon jiya. Wannan ta ukun kada ka raina ta. Tilasta wa ƙwaƙwalwa ta tono abin da ta fara mantawa yana kafa shi fiye da sake karantawa.

Kada muryar ta wuce minti 3. Yaron aron waya ya yi, mai ita na tsaye a kansa. Ga kuma data: saƙon murya na minti 3 bai kai megabayit ɗaya ba, bidiyo mai tsawon haka kuwa yana ninka shi sau da yawa. Shi ya sa na bar bidiyo gaba ɗaya a wannan gwajin.

Da wane harshe? Ni da Hausa nake bayani, amma sunayen abubuwa ina barin su da Ingilishi yadda za su gan su a takardar WAEC da NECO. Abin da yaro ya kasa kamawa a aji da Ingilishi, sau da yawa jimla biyu ta Hausa ke warware masa shi. Duk wanda ka zaɓa, ka tsaya a kansa har ƙarshen gwajin.

Naɗi saƙonnin mako guda a zama ɗaya, a ɗaki mai shiru, ka kashe fanka. Rubuta abin da za ka faɗa a taƙaice kafin ka danna. Ka saurari kanka sau ɗaya. In ka ji ka yi kuskuren lissafi, sake naɗa duka, kada ka bi shi da saƙon gyara, domin rabinsu na farkon kawai za su ji. In kana neman misalai ko tsarin darasi, duba Nigeria Learning Passport, dandalin da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da UNICEF da Microsoft suka ƙaddamar a 2022, kyauta ne. Amma muryar ta zama taka, ita suka sani.

Mataki na 7: Tura, ka bi sawu

Buɗe zaure na rukuni na ɗaya kaɗai, ka saita shi yadda masu kula ne kawai ke iya turawa. In ka bar shi a buɗe, cikin kwana biyu gaisuwar Juma'a da hotuna za su binne darasin. Tsayar da ranaku, misali Litinin, Laraba, Alhamis, da lokaci ɗaya, kada ka saɓa.

Amsar tambayoyin a littafi za su rubuto, su kawo washegari da safe. Kada ka yi amfani da ƙuri'ar jin ra'ayi ta WhatsApp don amsa, domin kowa yana ganin abin da wasu suka zaɓa, sai a bi gwanin aji. Google Forms, wato fom ɗin amsa tambayoyi ta intanet, yana duba amsa da kansa, yana da kyau in yaranka suna da cikakkiyar data, amma gidaje da yawa datar WhatsApp kaɗai suke saya, mahaɗin ba zai buɗe musu ba.

A littafinka ja layuka: lambar ɗalibi a gefe, ranakun saƙo 9 a sama. Kowace safiya sa alama, ya kawo amsa ko bai kawo ba. WhatsApp yana nuna wanda ya kunna saƙon murya in ka danne shi ka shiga bayanansa, amma kada ka dogara da wannan, wataƙila mahaifin ne ya kunna. Littafin amsa shi ne shaida. Wanda ya rasa sau biyu a jere, tambaye shi dalili a keɓe, ka rubuta: babu caji, babu data, baba ya yi tafiya da wayar. Waɗannan dalilan suna cikin sakamakon bincikenka, wani lokaci sun fi makin kansa amfani.

Za a yi satar turawa. Aboki zai tura wa aboki ta Xender ko Bluetooth, ba makawa. Roƙe su su haƙura tunda nasu na zuwa, amma kada ka hukunta kowa a kan neman ilimi. A ƙarshe ka tambaya a takarda marar suna ko wani a rukuni na biyu ya ji saƙonnin, ka rubuta adadin. In ya yi yawa, bambancin da za ka gani zai ragu, sai ka san dalili.

In babu babbar waya, ko babu intanet

Ga ɗaliban da ba su da waya sam, kwafe misalin da tambayoyin a takarda ka ba su, tare da rukuni na biyu a zagaye na biyu. Ba sa cikin lissafin, amma suna cikin ajin.

In mafi yawan gidaje ƙaramar waya mai madannai suke da ita, canza gwajin ya koma saƙon tes da kira. Wannan ba ƙaramar hanya ba ce. A Botsuwana, lokacin rufe makarantu a 2020, an gwada ta a kan gidaje kusan 4,500: saƙon tes na tambayoyin lissafi shi kaɗai bai kawo wani canji ba, amma tes haɗe da kiran waya na kimanin minti 20 a mako ya ɗaga makin yaran. Na'urar ɗaya ce, bambancin mutum ne ya kira ya bi sawu. Kusa da mu ma, a yankunan Dosso da Damagaram na Nijar, wajen 2009 da 2010, an koya wa manya 'yan ajin yaƙi da jahilci amfani da ƙaramar waya a cikin karatunsu, makinsu ya fi na ƙauyukan da aka yi ajin babu waya. In kiran mutum 20 ya fi ƙarfin katinka, haɗa yara uku maƙwabta a kira ɗaya su sa a lasifika.

Wata hanyar ita ce memori. Naɗi darussan da manhajar da ke ajiyewa a tsarin MP3, domin ƙananan wayoyi da yawa ba sa kunna saƙon muryar WhatsApp, ka zuba wa yaran a memorinsu. In kuma makarantarku tana da ɗakin kwamfuta babu intanet, akwai Kolibri, manhaja ce ta kyauta da ake zuba wa darussa sau ɗaya ta ci gaba da aiki ba tare da intanet ba. Tsarin gwajin bai canza ba: jarrabawa, ƙuri'a, bin sawu, jarrabawa.

Mataki na 8: Jarrabawar ƙarshe, sannan a juya

Ƙarshen mako na 4 buɗe ambulan, duk aji su zauna rana ɗaya, lokaci ɗaya. Cakuɗa takardun ka ba abokin aikinka tare da amsoshi, kada ya san wace lamba ke wane rukuni. Kai kana son abin ya yi aiki, kuma mai so yakan ga rabin maki inda babu.

Sai a yi jarrabawar farko ta maudu'i na biyu, ka rufe zauren rukuni na ɗaya, ka buɗe na rukuni na biyu, a maimaita komai daga mako na 5 zuwa na 7.

Mataki na 9: Lissafi

Ga kowane ɗalibi, cire makin farko daga na ƙarshe. Abin da ya rage shi ne ƙaruwarsa. Tara ƙaruwar rukuni, raba da yawansu. A ce, don misali kawai, rukunin da ya samu saƙo ya ƙaru da maki 6 cikin 20, ɗayan ya ƙaru da 4. Tasirin saƙon maki 2 ne, ba 6 ba, domin 4 ɗin darasin aji ne ya kawo su.

Gargaɗi mafi girma a nan: kada ka cire waɗanda ba su saurara ba daga rukuninsu. Zuciya za ta ce ai ba su yi amfani da shi ba, me ya sa za a lissafa su? In ka cire su, ka koma kuskuren mataki na 5, ka bar masu himma kaɗai. Duk wanda ƙuri'a ta sa a rukuni, da shi za a lissafa.

Da yara 20 a kowane gefe, bambancin maki ɗaya ko ƙasa da haka zai iya zama dace kawai. Abin da nake dubawa shi ne ko zagaye biyun sun nuna gefe ɗaya: rukuni na ɗaya ya fi a maudu'in farko, rukuni na biyu ya fi a na biyu. In haka ta faru, kana da abin riƙewa. In ɗaya ya nuna ɗaya bai nuna ba, koma shafin bin sawu, sau da yawa amsar tana can. Sannan ka raba kowane rukuni gida biyu, na sama da na ƙasa a jarrabawar farko, ka ga wa ya fi amfana. In gwanaye kaɗai ke ƙaruwa, saƙonninka suna faɗaɗa tazara ne, sai a sauƙaƙa misalan.

In kuma ba ka ga bambanci ba sam, rubuta hakan yadda yake. Ka gano cewa wannan tsarin, a wannan ajin, bai biya kuɗin datar iyaye ba, kuma sanin haka ya isa dalilin canza shi.

Mataki na 10: Tambayi yaran, ka rubuta shafi biyu

Kafin a tafi hutu, ba su takarda marar suna da tambaya uku: sau nawa ka saurari kowane saƙo, me ya fi taimaka maka tsakanin hoto da murya da tambayoyi, me ya hana ka wani lokaci? Sannan ka zauna ka rubuta shafi biyu: tambayarka, yawan ɗalibai, yadda aka raba su, makin rukunonin a zagaye biyu, yawan waɗanda suka kawo amsa, da matsalolin da aka samu. Babu sunan ɗalibi ko lambar wayar kowa a ciki. Ba shugaban makaranta kwafi, ka nemi minti 10 a taron malamai, ka kuma aika wa iyaye taƙaitaccen bayani da Hausa, tunda wayarsu aka ara.

Goge zaurukan biyu da lambobin da ka karɓa, sai dai in iyaye sun amince a ci gaba. Ajiye littafin. A zango mai zuwa canza abu ɗaya kawai, misali saƙo biyu a mako maimakon uku, ko ƙara gajeren kira ga waɗanda ba sa kawo amsa, ka rubuta sabuwar tambayar a shafi na gaba, ka sake zaro ƙuri'a.